Ranar da Kawu Maude Ya Ƙaro Mana Awa Guda

Kawu Maude ya zo Abuja ne da niyyar yin sati biyu, ya karɓi wata kwangila da aka ce an ajiye masa. Bana shekararsa ta huɗu ke nan a ɗakin bayan gidanmu da ke Gwarinpa, kwangilar kuwa har yau tana kan teburin wani babban oga. Ƙanin Mama ne ciki ɗaya, shi ya sa in Baba ya gan shi sai dai ya yi gyaran murya ya wuce.

A shekararsa ta biyu aka rasa wanda zai cike kujera a wani taron bita na kwana uku kan kwamfuta, a wani otal a Wuse, tsautsayi ya sa aka tura shi. Ya dawo da jaka, da satifiket, da filashin ajiye bayanan kwamfuta mai igiya. Tun ranar ya rataya filashin nan a wuya, ko wanka zai yi sai dai ya juya shi baya. Tun ranar kuma sunansa ya koma Injiniya. In ka ce masa Maude, sai ya waiwaya yana duban bayansa, wai ya ga wanda kake kira.

Ni ce Muhibba, autar gidan. Ban iya girki ba, lissafi kuwa tun a aji uku muka raba hanya, amma Allah ya ba ni kunne da maƙogwaro. In na ji muryarka sau biyu, ta zama tawa. Na taɓa sa maigadinmu ya buɗe get sau uku da muryar Baba, alhali Baba yana Kaduna. Muryar Kawu Maude kuwa ko da gudu nake zan yi ta. Ba wuya: ka ja hanci, ka ce “A fasahance,” ka ɗan tsaya kamar kana jiran tafi, sannan ka rufe da “kin gane ko?”

Babban shirin Kawu shi ne ya buɗe wurin gyara a ƙofar gidanmu. Har allo ya sa aka rubuta masa: ASIBITIN KWAMFUTA NA INJINIYA MAUDE, BA MA MAYAR DA MARA LAFIYA. Dabararsa ita ce Alhaji Muktar, shugaban ƙungiyar layinmu kuma darakta a wata ma'aikata, ya ga aikinsa da idonsa, ya miƙa masa kwamfutocin ofishinsu gaba ɗaya. Abu ɗaya ya rage masa: mara lafiya. Duk layin ba mai ba shi ko rimot, tun da ya gyara fankar Oga Israel, tsohon sojan da gidansa ke kallon namu, fankar ta koma zuƙe iskar ɗaki.

Sai ga wata Asabar.

Yayata Rahmatu tana da jarrabawar neman tallafin karatun digiri na biyu, ta intanet, ƙarfe biyu daidai. Wanda ya wuce biyu da minti goma bai shiga ba, sai baɗi. Shekara guda ta yi tana shiri, har ta rame. Kuma ba a aron kwamfuta, domin tun ranar Alhamis aka yi wa laftof ɗinta rajista, aka gwada kyamararta, aka ce da ita kaɗai za ta shiga.

Laftof ɗin nan babbar manhaja biyu ce a cikinta. Akwai Linux, inda take aikin bincikenta, akwai Windows, inda manhajar jarrabawar take. Madam Clara, mai shagon gyara a kasuwar Gwarinpa, ita ta haɗa mata su. In ka kunna, sai wani ɗan jeri ya fito a baƙin allo, Linux a sama, Windows a ƙasa, a ba ka daƙiƙa biyar ka zaɓa. In ba ka danna kibiyar ƙasa ba, ta wuce da kai Linux.

Ƙarfe sha ɗaya Rahmatu ta kunna, ta danna kibiyar ƙasa, kibiya ta ce ba ta san zancen ba. Ta kashe, ta kunna, ta danna. Linux. Sau huɗu.

Ina gefe ina shan shayi, sai na ajiye kofin a hankali. Jiya da yamma na ɗauki laftof ɗin a ɓoye na kalli fim, da kwanon soyayyar gyaɗa a kan cinyata. Na so in yi magana, sai na ga fuskar Rahmatu, na ga ba yau ba.

“Madannin ne kawai ya maƙale,” in ji ta. “Bari in aro kibod mai waya a maƙwabta in jona. Muhibba, kar ki bari kowa ya taɓa.”

Ƙofa ba ta gama rufuwa ba sai ga ƙamshin turaren Kawu. Ashe yana bakin taga yana ji.

“A fasahance,” ya ja hanci, “wannan ba ciwon madanni ba ne.”

“Kawu, ta ce kar a taɓa.”

“Ta ce kar kowa ya taɓa. Ni kowa ne?”

Na ruga kicin na gaya wa Mama. Mama tana tuƙa tuwo ta ce, “Ke, bar shi ya duba mana. Ɗan'uwana ne, kuma satifiket gare shi.” Kafin in dawo falo, laftof ta fita ƙofar gida. Ya kafa teburin guga a ƙarƙashin bishiyar umbrela, ya jingina allonsa, ya jera kujerun roba, har da ɗan faranti na soyayyar gyaɗa domin baƙi. Ya miƙo mini wayarsa a buɗe.

“Ɗauke ni bidiyo, autar Yaya. Ki riƙa kamo allon. Talla za mu yi.”

Asabar ce, kowa yana gida. Oga Israel ya bar wankin mota ya tsallako da soso a hannu. Matan layi suka leƙo, wasu da ludayi. Mai nonon da ke biyowa layinmu duk Asabar ta sauke ƙwaryarta ta zauna. Can sai ga Alhaji Muktar da jallabiya da carbi, Kawu da kansa ya je ya ƙwanƙwasa masa get.

“Ranka ya daɗe, ga kujerar gaba. Jama'a, abin da ke damun wannan baiwar Allah,” ya shafa murfin laftof, “masu haya biyu aka cusa mata a ɗaki ɗaya. Mita ɗaya, banɗaki ɗaya. Wa ya taɓa ganin an zauna lafiya a haka a garin nan?”

“Ba a taɓa ba,” in ji Oga Israel, wanda masu hayarsa suka kai shi ƙara bara.

“To yau zan ba ɗaya notis. Kun gane ko?”

Ya kunna, ya shimfiɗa tafin hannunsa biyu a kan madannan gaba ɗaya kamar mai murza alkaki. Laftof ta yi ƙara, sai ga wani shuɗin allo da ban taɓa gani ba, cike da layuka da 'yan akwatuna. Shi ma na ga ya razana, amma nan take ya gyara hula.

“Alhamdu lillahi. Mun shigo ɗakin inji. Ba kowa ake bari ya shigo nan ba.”

Ya riƙa jan yatsa yana dangwalawa. Dangwalawa ta uku, rubutun gaba ɗaya ya rikiɗe ya koma na Sinawa, 'yan sanduna da 'yan tagogi.

Oga Israel ya sunkuyo. “Oga Injiniya, wannan wane yare ne kuma?”

“Yaren gidansu ne. A can aka haife ta. In kana so mara lafiya ya gaya maka gaskiya, ka yi masa da yaren uwarsa.”

“To me ya ce?”

Kawu ya ƙura ido, yana motsa leɓe. “Ta ce tana jin jiki.”

“Allah sarki,” in ji mai nono. “Allah ya ba ta lafiya.”

Daga nan ya shiga aiki gadan-gadan. Duk abin da ya gani a kunne ya kashe, duk abin da ya gani a kashe ya kunna, wai adalci yake yi tsakanin masu haya. Da ya gama, wasu akwatuna biyu suka fito, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne da rubutun da ba mai iya karantawa. Ya dubi na hagu, ya dubi na dama. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙasan hula.

“Ni mutum ne mai son shawara,” ya ce. “Masu cewa dama su ɗaga hannu.”

Mutum bakwai suka ɗaga, har da mai nono. Alhaji Muktar ya ce shi shugaba ne, ba ya jefa ƙuri'a. Kawu ya danna dama. Allo ya yi baƙi. Aka jira. Wani ɗan farin layi guda ya fito a can ƙurya yana ƙyafta ido. Babu jeri, babu Linux, babu Windows.

“Ina masu hayan?” in ji Alhaji.

“Sun fita, ranka ya daɗe.”

“Ai ɗaya ka ce za ka kora.”

“Ɗayan ya raka shi ne. Yanzu zai dawo.”

Daidai nan Rahmatu ta shigo layin da kibod a hammata. Ta ga taro, ta ga allo, ta ga laftof ɗinta a kan teburin guga. Ban taɓa ganin mutum ya yi gudu da doguwar riga haka ba. Ta jona kibod, ta kashe, ta kunna. Farin layin nan ya ci gaba da ƙyafta mata ido.

“Kawu, me ka yi?”

“Kwantar da hankalinki, 'yata. Tana hutawa ne.”

“Ina jerin da ke fitowa? Me ka taɓa?”

“Komai,” in ji Oga Israel. “Ya taɓa komai. Har zaɓe mun yi.”

Rahmatu ta juyo ta kalle ni. Na ɓoye fuska a bayan wayar Kawu, na ci gaba da ɗaukar bidiyo. Sha biyu da kwata. Ta shige gida tana latsa wayarta, na bi ta. Ta kira Madam Clara, ta sa a sifika, har ni ina ji.

Madam Clara 'yar Kwali ce, Hausarta irin ta kasuwa, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinta. “Rahmatu, ka san ina sonka. Amma gidan da Maude yake, ƙafana ba zai taka ba. Satin da ya wuce ya zo shagona, kwastoma cike, ya ce wai shi ya koya mini riƙe sukundireba. Ya ce mace sai dai ya goge allo. A gaban kwastoma fa!”

“Anti Clara, don Allah, ƙarfe biyu ne jarrabawar. Bari in kawo miki ita shago.”

“In ka iya ƙwacewa daga hannunsa, kawo. In kuwa ni zan zo, sai shi da bakinsa ya roƙe ni.” Ta kashe.

Muka koma waje don mu ƙwace. Ina! Kafin mu fito Kawu ya kifar da laftof, ya aiko an ɗauko wuƙar yankan albasar Mama, ya kwance kusoshi shida na bayanta. Murfin ya ɗage, cikinta a waje. Ko an ƙwace, ba mai iya shiga Keke mai ƙafa uku da ita a haka.

“Zazzaɓi ne ya yi mata yawa, sai ta sha iska,” yake gaya wa jama'a, yana yi mata fifita da hularsa.

“Kawu, ka kira Anti Clara ka ba ta haƙuri,” in ji Rahmatu.

“Wa? Ɗalibata? Ranka ya daɗe, ka ji fa. Likita ya kira mai sharar asibiti ya yi masa tiyata!”

Alhaji Muktar ya kai hannu faranti ya watsa gyaɗa a baki. Sai muka ji ƙas! Ya dafe kunci, ya tofo wani abu a tafin hannunsa. Kusa ce. Ashe Kawu a farantin gyaɗa ya zuba su don kar su ɓace.

“Maude,” in ji Alhaji a hankali, “wannan haƙorin a Masar aka sa mini shi.”

Kawu ya waiwaya bayansa, ya ga ba wani Maude sai shi. Ya ga abin na neman ƙwacewa, sai ya miƙe tsaye ya kama igiyar wuyansa.

“Jama'a, ban so a kai nan ba. Amma tunda ciwo ya yi tsanani, za mu fito da babban magani.”

Ya cire filashin nan da ba wanda ya taɓa ganin an buɗe shi. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Ya ja murfi, ya ƙi. Ya sa haƙori, ya ja. Murfi ya fita, sai wani koren gari ya zubo masa a gemu. Shekara biyu na gumi da ruwan wanka sun cinye bakin ƙarfen tas, saura roba.

Mai nono ta leƙa. “Shi ma ba shi da lafiya?”

Oga Israel ya zauna a bakin kwata yana dariya har soso ya faɗi. Rahmatu kuwa ba ta yi dariya ba. Ta zauna a dakalin get ta haɗa kai da gwiwa. Ƙarfe ɗaya saura minti biyar. A nan dariyar ta fita daga raina, domin na san gyaɗar wa ta fara wannan aiki.

Na dubi hannuna. Wayar Kawu ce, a buɗe. Na zagaya bayan tankin ruwa, na nemo lambar, ya ajiye ta da suna “Clara Ɗaliba”. Na ja hanci sau biyu don in gyara maƙogwaro, na danna saƙon murya. Ban sa rantsuwa ko ɗaya ba, ina tsoron Allah. Minti ɗaya da aikawa amsa ta shigo: “Ina zuwa.”

Ɗaya da minti ashirin da biyar Keke ta tsaya a ƙofar gidanmu. Madam Clara ta sauko da jakar kayan aiki, da tabarau a goshi. Lokacin Kawu yana bayanin cewa zai aika a sayo ƙanƙara.

“Wa ya kira wannan?” ya ce.

“Kai,” in ji Clara. “Sannu Oga Alhaji, sannunku jama'a. Kafin in taɓa komai, kowa ya ji, don kar gobe a ce ni na kawo kaina.”

Ta ɗaga wayarta, ta ƙure ƙara. Sai ga jan hanci, sannan murya:

“Salamu alaikum, Madam Clara. Maude ne. Ba Injiniya ba, Maude kawai. A fasahance... na kashe kwamfutar 'yata. Kin gane ko? Taron bitar nan barci na yi ta yi, abinci kawai ke tashina. Ko fankar Israel ma, waya biyu na gani na juya su. Ke ce ogata, ke ce ogar ogata. Ki zo ki rufa mini asiri, jama'a sun taru, Alhaji ya tauna kusa.” Sai wata 'yar shessheƙa a ƙarshe, wadda ni kaina na yi alfahari da ita.

Layin ya fashe da dariya.

“Ƙarya ne! Sharri ne!” Kawu ya yi tsalle. “Yaushe na yi? Ina nan a gabanku!”

“Lambarka ne,” Clara ta nuna wa Alhaji. Alhaji ya sa tabarau ya duba ya gyaɗa kai, hannunsa ɗaya na kunci.

“Dama na san waya biyu ne!” in ji Oga Israel.

Mama ta fito tun ɗazu da muciya a hannu. Kawu ya juya wurinta. “Yaya, ke ce shaidata. Wannan muryata ce?”

Mama ta kalle ni. Kallo ɗaya, irin wanda ke cewa za mu haɗu anjima. Sannan ta kalli Rahmatu a dakali, ta kalli laftof da cikinta a waje.

“Maude, ni na goya ka,” ta ce. “Har jan hancin naka ne. Matsa ka ba ta wuri.”

Clara ta zauna. Ta tsince kusoshi daga cikin gyaɗa, ta karɓi ta shida a hannun Alhaji, ta mayar da murfi. Ta kunna, ta danna madanni ɗaya tak, shuɗin allon nan ya dawo da rubutun Sinawansa.

“Kin iya yaren ne?” in ji Oga Israel.

“Ban iya ba. Na san inda kowane abu yake zama, kamar kicin ɗina.” Ta mayar da shi Turanci, ta bi layi-layi tana tsaki. “Wannan shi ke nuna masa inda zai nemi manhaja, ka kashe. Wannan shi ke gaya masa wanda zai fara tashi, ka juya. Wannan kuma ko ni ban taɓa taɓawa ba. Oga Maude, akwai abin da ka bari?”

“Ina gab da gyarawa kika zo,” in ji Kawu daga bayan bishiya.

Ta adana, ta sake kunnawa. Jerin nan ya fito, Linux a sama, Windows a ƙasa. Matan layi suka yi guɗa. Clara ta karɓi tsinken sakace a wurin Alhaji, ta zura a ƙarƙashin kibiyar ƙasa, ta ɗan banƙara. Wani ɓarin gyaɗa ya yi tsalle ya faɗo kan tebur.

“Ga ciwon gaba ɗaya,” ta ce.

Duk layin suka juya suka kalli farantin Kawu. Ni ma na juya na kalla tare da su, har da girgiza kai. Rahmatu kaɗai ce ba ta kalli faranti ba. Ni take kallo, domin ta san tun kafin a kawo faranti madannin ya maƙale.

Aka zaɓi Windows. 'Yan ɗigo suka fara zagaye a allo, suna zagaye, suna zagaye. Kawu ya matso a hankali ya miƙa yatsa wajen makunni. “A fasahance, in aka ɗan kashe ta aka...” Muciyar Mama ta sauka a bayan hannunsa, da sauran tuwo a jiki.

Allo ya buɗe. Kafin kowa ya yi magana, Kawu ya hango wani abu a ƙuryar ƙasa, idonsa ya yi haske. Ya daka tsalle ya tsaya a gaban jama'a.

“Ku duba agogo! Ranka ya daɗe, duba da idonka! Ɗaya saura minti takwas! 'Yata, share hawayenki, ki je ki ci abinci, ki yi wanka, ki ɗan kishingiɗa. Wannan aikina ne. Lokacin da nake ɗakin inji na ga kina cikin matsi, na ƙaro miki awa guda. Ita wannan ta iya haka?”

Kowa ya zaro waya. Oga Israel ya ce, “Tawa ta ce biyu saura takwas.”

“Wayarka ta tsufa.”

“Tawa ma haka,” in ji Alhaji.

“Ranka ya daɗe, duk kamfani ɗaya ne ke ba ku lokaci. Kwamfuta ba ta ƙarya.”

Bai rufe baki ba ladanin masallacin layinmu ya tayar da iƙamar azahar, wadda kowa ya san biyu saura ake yin ta. Mai nono ta ɗora ƙwaryarta a ka. “To shi ma Liman a gaya masa an ƙaro awa,” ta ce.

“Kullum haka take yi, Kawu,” in ji Rahmatu, tana janye laftof daga gabansa. “In na fito daga Linux na shiga Windows sai agogon ya koma baya da awa ɗaya, kowanne da yadda yake lissafa lokaci. Ni nake gyarawa da hannuna. Da na bi taka, da sai baɗi.”

Clara ta gyara agogon, ta jona caja, ta rungumo laftof da kanta har falo. Kafin a samu intanet, kafin kyamara ta gane fuskar Rahmatu da ta kumbura da kuka, biyu ta gota. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ƙirga bugun zuciyata. Biyu da minti shida allo ya yi kore, tambaya ta farko ta fito. Mama ta jawo ƙofa ta rufe, ta tsaya a gabanta da muciya kamar soja.

A waje, da aka idar da salla, Alhaji Muktar ya karɓi lambar Madam Clara, ya ce ta zo ofis ranar Litinin. Oga Israel ya ɗauki allon asibitin, ya ce daidai yake da ramin da ke ɗakin kajinsa, kuma a bakin fankarsa.

Rahmatu ta fito ƙarfe huɗu tana murmushi, ta ce ta amsa duka. Ta rungume Mama, ta rungume Clara a waya, sannan ta kama kunnena ta murɗe sau biyu, ɗaya na gyaɗa, ɗaya wai na ajiya. Ta sa wa laftof kalmar sirri mai tsawon layin mai. Mama kuwa hukuncin da ta yanke mini shi ne wanke-wanken sati guda, amma sai da ta rufe ƙofar kicin ta ce in sake yi mata wurin “ogar ogata”, ta yi dariya har ta zauna a kan buhun shinkafa.

Bayan la'asar ina wanke tukunyar tuwo a bakin famfo, sai ga Kawu. Babu hula, babu igiya a wuya. Ya tsuguna kusa da ni da wayarsa a hannu, ya duba hagu da dama.

“Autar Yaya, tsakani da Allah zan tambaye ki. Ke kika riƙe wayar nan. Kin ga lokacin da na karɓa?”

“Me ya faru, Kawu?”

“Na saurari abin nan sau tara.” Ya ja hanci. “Ni ne. Ba wanda ya san zancen barcin nan sai ni. Amma na rasa lokacin da na yi.”

Ni ma ban san zancen barcin ba, cinka kawai na yi. Na dage na riƙe fuskata, na ci gaba da goga tukunya.

“Kawu, ko kai ma biyu ne a ciki? Ka ga na laftof ɗin ma, ɗaya bai san abin da ɗaya ke yi ba.”

Ya shiga nazari, yana shafa gemun da har yanzu da sauran koren gari. Can ya gyaɗa kai a hankali.

“A fasahance, zai yiwu.” Ya miƙe, ya yi taku biyu, ya dawo ya rage murya. “In kin sake jin na cikin ya tashi, ki ƙwace wayar. Wannan ba shi da sirri ko kaɗan.”